Tafin Gwaggo na Uku

Kafin haihuwar takwararta, hoton Gwaggo ɗaya ne tak a duniya, shi ne na jikin katin zaɓenta. A cikinsa ta ɗaure fuska tamau, mayafi ya sauko har gira, ido a zare kamar an zo an ce mata akuyarta ta shiga gonar dagaci. Ita ma ba ta ƙaunar sa. Duk ranar da ta kama ta ciro katin daga 'yar jakarta, a kife take miƙa shi.

Abin da ya sa mutane suke mamaki shi ne ɗaukar hoto ce sana'ata. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni yaye ta ƙi mayar da ni, na girma a ɗakinta a wani ƙauye ta wajen Baure, har na tafi makaranta Daura, na yi aure a can na zauna. Aikina na cikin gida ne. Gidajen da mai hoto namiji ba ya wuce zaure, ni nake shiga da jakata: suna, kamu, walimar sauka, dawowar hajiya daga Makka. Kuma na iya, ba na jin nauyin faɗa. Matan da na ɗauka a Daura ba su lissafuwa, amma matar da ta goya ni ta ƙi tsaya min ko sau ɗaya.

"Ni ba turke ba ce da za a kafa ni a ce kada in motsa," haka take ce min duk lokacin da na ɗaga kyamara. "Wancan na kati ma don dole ne. Dubi abin da suka mayar da ni."

Gaskiya ce ta faɗa, don ban taɓa sanin Gwaggo a tsaye cik ba. A bakin turmi na san ta. A zamaninta, in ana biki a ƙauyukan nan, har aike ake yi a zo da ita saboda lugude, wato dakan da mata biyu ko uku suke yi a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya har ya zama kiɗa. In daka ya yi zafi sai mace ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta a turmi ba tare da ta karya kiɗan ba. Kowace mai daka tana iya tafi ɗaya. Gwanaye suna yin biyu. Gwaggo uku take yi, kuma ni shaida ce, na gani da idona ina yarinya, ina zaune a kan buhun gero ina cin gumba. Amma injin niƙa ya shigo ƙauye, turame suka koma wurin ɗaure tumaki, kafaɗarta ta dama kuma ta fara ciwo har ta daina ɗaga tulu. 'Yan matan gidan sun ɗauki tafi ukun nan labarin tsofaffi ne. In ta faɗa sai su ce "to, Gwaggo" da irin muryar da ake lallashin yaro.

Sai matar ɗanta ta haifi mace, aka yi wa jaririya huɗuba da sunan Gwaggo. Washegari ta sa aka kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ke 'yar nan, ki zo da na'urar taki ranar jajiberin suna. Na hana a kai geron fura inji, dakawa za a yi. Zan cilla."

Na ce, "Gwaggo, kafaɗar fa?"

"Kafaɗar tawa ce ko taki? Yarinyar nan za ta girma ta ce wace ce aka sa min sunanta, sai ku ciro mata katin zaɓe? Ina so ta gan ni da taɓarya a sama. Sau ɗaya zan yi, don sau ɗaya ya rage a jikina. In kin kama, kin kama. In kin kuskure, shi ke nan."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ban taɓa kuskurewa ba. Da na ajiye wayar ne na zauna na yi tunanin abin da na ɗauko wa kaina. Amarya ana ce mata ta sake juyowa. Mai sauka ana ce mata ta sake ɗaga allo. Taɓarya kuwa in ta tashi, kafin ki ja numfashi ta dawo. Ba a jiran ta da yatsa a danna sau ɗaya. Dole a sa kyamara ta yi ta ɗauka a jere, a danne maɓalli ba sakewa, daga baya a zaɓi wanda ya dace.

Maƙwabciyata a Daura fura take sayarwa, kuma har yanzu da hannu take kirɓi don ta ce furar inji ba ta da danƙo. Na shiga gidanta da hantsi na roƙe ta ta cilla min taɓarya in gwada. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce rabonta da wannan wasa tun tana budurwa, amma ta yarda. Ta fara daka, ni kuma na danne maɓalli tun da na ga ta gyara tsayuwa. Kyamara ta kama gudu, tarr, kamar keken ɗinki. Can sai ta fara tari. Ta ɗauki ɗaya, ta tsaya, ta ɗauki ɗaya, ta tsaya. A daidai nan maƙwabciyata ta cilla. Da na duba, ga hoton taɓarya a hannu, ga hoton taɓarya a turmi, tsakaninsu babu komai. 'Yar jar fitilar da ke bayan kyamarar tana nan a kunne ta ƙi mutuwa.

Muka sake. Haka dai. In na yi sa'a na danna daidai lokacin, sai in kama. In na riga ta da kaɗan, sai kyamarar ta gaji kafin taɓarya ta tashi. Maƙwabciyata ta jingina taɓaryarta ta share zufa ta ce, "Wannan abar taki ai ta fi ni tsufa."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ni mutum ce mai saurin hawa, kuma abin da ya fi hawar da ni shi ne kayan aiki ya ba ni kunya a gaban mutane. Na koma gida na ajiye kyamarar a kan gado ina hararar ta. Maigidana ya leƙo ya ga yanayina, ya ce in na gama faɗa da ita in tuna akwai masu jiran abinci a gidan. Ban kula shi ba.

Na san dai abin da jar fitilar take nufi. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan ma'aji da muke kira bafa, inda hotuna suke tsayawa kafin su shiga katin ajiyar hoto. Kamar zaure ne: baƙi suna shigowa da gudu, su tsaya nan, ana shigar da su cikin gida ɗaya bayan ɗaya. In masu shigowa sun fi masu wucewa sauri, zaure ya cika, dole na waje ya jira. Jar fitilar tana cewa ne har yanzu akwai masu jira. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne me yake hana su wucewa da sauri, don aikin biki da suna bai taɓa cika min zauren ba.

Kyamarata gurbin kati biyu gare ta, kuma a kan wannan ne na saye ta. Tun ranar da ta shigo hannuna na saita ta ta riƙa rubuta kowane hoto a katin farko da na biyu a lokaci guda, don in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan. Na taɓa ganin wani abokin sana'a yana kuka da hawaye a shagon wanke hoto saboda katinsa ya mutu da bikin mutane kaf a ciki. Tun daga nan na zama mai wa'azin kati biyu. Duk sabon mai hoto da ya zo neman shawara wurina, kafin ya zauna na fara masa karatu. Har tsokanata suke yi da shi.

Na buɗe murfin na ciro katunan na jera su a tafin hannuna. Na farko mai tsada ne, daga Kano aka kawo min shi, mai sauri. Na biyu kuwa gyara ne mai shago ya ɗora min a kan ciniki, ban taɓa ko karanta abin da aka rubuta a jikinsa ba, tunda aikinsa ajiya ne kawai. Na mayar da na farko shi kaɗai, na nufi katanga na danne maɓalli. Kyamara ta yi ta gudu, ta wuce inda take tari, ta ci gaba. Da na saki, jar fitilar ta ɗan ƙifta ta mutu. Na mayar da na biyu na sake dannawa, sai ga tarin ya dawo. Ashe in an ce ta rubuta a duka biyun, ba ta sallamar hoto daga zaure sai kati mai sanyin jiki ya gama karɓa. Mai saurin ya daɗe da gamawa, yana zaune yana jiran ɗan'uwansa. Ba tsufa ke damun kyamarata ba, umarnin da na ba ta take bi.

Na ji daɗi har na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Daga nan na shiga gwaji gadan-gadan. Na aro kati mai sauri wurin wata abokiyar sana'a na sa a gurbi na biyu. Abin ya yi sauƙi amma bai warke ba, don shi kansa gurbin na biyu a irin kyamarata ƙofarsa ƙarama ce, komai saurin katin da aka sa masa. Na gwada wani saitin, wanda yake tura manyan hotuna masu nauyi zuwa kati na farko, ƙananan da aka matse kuma zuwa na biyu. Wannan ya kusa, kuma shi nake amfani da shi a yawancin aikina har yau. Amma in na danna na saki na sake dannawa a gurguje, yakan ɗan yi jinkiri a karo na biyu ko na uku. Saiti na ƙarshe shi ne a cika katin farko tukuna, na biyu ya zauna ba ya komai sai ɗan'uwansa ya cika. A nan ne kyamarar take sakin jiki ta yi gudu yadda nake so. A nan ne kuma babu ajiya ko kaɗan.

Maƙwabciyata ta cilla min taɓarya a kwanakin nan har mijinta ya fara tambaya ko rawa ake koya a gidansa.

Da na gaya wa maigidana abin da na yanke, ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce, "Ke? Kati ɗaya? Ke da kika hana mutanen garin nan sakat? In ya mutu fa?"

Na ce masa ajiya tana da amfani ne in akwai abin ajiyewa. Kati biyu cike da hoton turmi da hannu, babu taɓarya a sama, ba za su yi wa Gwaggo komai ba. Kati yana mutuwa, gaskiya ne, amma ba kullum ba. Tarin kyamarar kuwa na gwada na gani, kullum ne. Ba zan ce ban ji tsoro ba, na ji. Amma na san wanne ne ya fi kusa da ni a cikin haɗarin biyu.

Ranar jajiberin suna na shiga motar Baure da sassafe, na sauka a bakin hanya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Kafin in shiga gidan na fara jin ƙarar turmi. An ciro babban turmin nan na itacen ƙirya daga bayan rumbu an wanke shi, an kafa shi a gindin darbejiya. Mata sun cika tsakar gida, wasu na bakace, wasu na tankaɗe. Aminiyar Gwaggo ta zo daga Baure, wata tsohuwa siririya mai jan haƙori saboda goro, wadda suka yi lugude tare tun suna 'yan mata. Ta kama hannuna ta ce, "Mai hoto, ki buɗe ido. Wannan matar muguwa ce a bakin turmi." Na yi dariya na ce idona a buɗe yake, Inna. Ban gane gargaɗi take min ba.

Gwaggo tana zaune a kan kujerar tsugunno tana kushe dakan matasan. Wannan ta riƙe taɓarya kamar muciya. Waccan tana daka kamar ana bin ta bashin ƙarfi. Ni kuma na zagaya na zaɓi wurina, na ba rana baya, na durƙusa yadda zan samu sararin sama a saman kanta. Na shiga saitin kyamarar na kashe rubutu biyu da hannuna. Na yi bismillah.

Da rana ta ɗan ɗaga Gwaggo ta miƙe. Ta cire mayafi ta ci ɗamara da shi. Aka kawo mata taɓaryarta daga ɗaki, wadda tsakiyarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Ita da aminiyarta da wata matar maƙwabta suka kewaye turmin. Suka fara a hankali, kamar masu gaisawa. Sannan kiɗan ya tashi. Ban san lokacin da tsakar gidan ta yi tsit ba, sai ƙarar taɓare uku da muryar aminiyar tana ba da waƙa ana amsawa. Na ga bayan Gwaggo ya miƙe. Tsohuwar da na bari a kan kujera ta ɓace, ga matar da na sani ina yarinya.

Sai ta sauke kafaɗa ta lanƙwasa gwiwa. Na danne maɓalli. Kyamara ta kama gudu. Gwaggo ta ɗaga taɓarya har sama da kanta, ta sauke ta a turmi ba ta saki ba. Mata suka ce "ayyo!" suka fashe da dariya. A lokacin na tuna abin da na manta: Gwaggo ba ta taɓa cillawa kai tsaye. Sai ta yaudari masu kallo, ta ja musu rai, ta sa sun buɗe baki a banza. Muguntar da aminiyarta take nufi ke nan, kuma maƙwabciyata ta Daura, baiwar Allah, ba ta taɓa yi min haka ba.

Na saki maɓalli na saci kallon jar fitilar. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta mutu.

Ta sake sauke kafaɗa. Na san wataƙila ƙarya ce, amma ba ni da ikon jira in tabbatar. Na danne. Ƙarya ce kuwa, har da kashe min ido. Da a ce saitina na da ne, a nan labarin zai ƙare, don zauren zai cika maƙil da hotunan yaudara, in tsaya ina kallon fitila. Ban ma gama sakin yatsana ba, babu sauke kafaɗa, babu lanƙwasa gwiwa, sai kawai taɓarya ta bar hannunta. Na danne da dukkan ƙarfina. Kyamarar ta tafi ba tari ba tsayawa. Taɓarya ta hau har ta taɓo ganyen darbejiya, na ji tafi, ta dawo, ta faɗa hannunta, ta sauka a turmi daidai gurbin da 'yan'uwanta suka bar mata.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Aminiyar ta jefar da tata taɓaryar tana cewa, "Uku! Wallahi uku!" 'Yan matan gidan da suke cewa "to, Gwaggo" suna ta tsalle. Ita kuwa ta ƙara bugu kaɗan don kada a ce ta gaji, ta miƙa wa wata mata taɓaryar, ta koma kujerarta. Na lura da hannun hagu ta kwance ɗamarar.

Ban tsaya taya su murna ba. Na shige ɗakin Gwaggo na zauna a bakin gado, na umarci kyamarar ta kwafe duk abin da ke katin farko zuwa na biyu. Yanzu ba sauri ake ba, mai sanyin jikin ya karɓa yadda ya ga dama. Ina zaune ina kallon jar fitilar har ta mutu. Sannan na buɗe hotunan.

Na kama. Na kama fiye da yadda na roƙa. Ga taɓarya a kwance a sama tsakanin ganye, ga Gwaggo a ƙasa, tafukanta a haɗe, haƙoranta a waje, ko kallon taɓaryar ba ta yi. Hawaye ya zo min. Na koma farkon jerin ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Taɓarya tana hawa kaɗan-kaɗan daga hoto zuwa hoto, babu tsalle, babu giɓi. Hannuwa sun haɗu, sun rabu. Sun haɗu, sun rabu. Daga nan sai hannun dama ya tsaya a rabin hanya, ya buɗe yana jiran taɓarya. Na sake bi daga farko. Biyu ne. Ko da tafi ya faɗo tsakanin hoto da hoto, da an ga hannuwa suna tafiya ko suna dawowa. Babu. Ƙarar na ukun da muka ji, ƙarar cafewa ce.

Kafin in yanke abin da zan yi, mata sun cika ƙofar ɗakin, aka ja ni waje. Gwaggo ta ce in kawo ta gani. Na durƙusa a gefenta na nuna mata na tsakiyar, mai kyaun. Ta daɗe tana kallo. Sai wata amaryar gidan, mai wayo da son nuna ta san waya, ta ce ai a jere suke, a matsa a ga tafin. Ta miƙo yatsa ta fara juyawa da kanta, tana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ɗaya. Biyu."

Ta juya gaba, ta dawo baya. Babu na uku.

Gwaggo ta ture kyamarar da bayan hannu. Ta ce, "Na'urar taki ce mai sanyin jiki. Ta lumshe ido a na ukun."

Wallahi sai da raina ya ɓaci. Sanyin jiki? Kyamarar da na yi kwana da kwanaki ina fama da ita, na gajiyar da maƙwabciyata, na karya dokar da na kafa wa kaina, don dai kada ta lumshe ido? Ga bayani cike da bakina, na zaure da na kati da na jar fitila, kuma da gaskiyata. Ga kuma matan da a cikinsu nake samun aiki, duk sun zuba min ido, kuma na san abin da aka faɗa a gidan suna kafin la'asar ya kai ƙauye uku. Na ɗaga kai zan yi magana sai idona ya sauka a kan hannunta na dama. Yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba, yatsun suna karkarwa, ta ɗora na hagu a kai ta danne.

Na ce, "Haka ne, Gwaggo. Ta tsufa. In abu ya yi mata sauri da yawa takan tsallake. Sai dai in sayo sabuwa."

Aminiyar ta ce, "Ato! Ni da kunnena na ji uku." Amaryar ta saki kyamarar. Hira ta koma kan yadda kayan zamani ba su da ƙarko, aka ci gaba da daka.

Maganar ta bi ni kamar yadda na zata. Har a Daura wata hajiya da ta zo ɗaukata aikin walima ta tambaye ni a hankali ko na gyara kyamarar da aka ce tana tsallake. Na haɗiye abin da ya zo bakina na ce mata an gyara. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, don a sana'ar nan sunanka shi ne jarinka. Amma ko sau ɗaya ban ji na yi nadama ba.

Bayan an yi arba'in na wanke hoton babba, na sa shi a gilashi, na kai mata. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, jaririyar tana barci a kan gadonta. Hannun daman bai sake ɗaguwa sama da ƙirji ba tun ranar, kuma ba ta yarda a yi zancen. Na jingina hoton a gabanta. Ta matso da shi kusa da haske, ta shafa gilashin a kan taɓaryar, sannan a kan fuskarta.

Ta ce, "To, wannan ce ni."

Ta sa na buga ƙusa a bangon da ke fuskantar gadon, ƙasa-ƙasa, inda ta ce yarinya za ta gani tun tana rarrafe. Muka ci abinci, ta kushe yadda na rame, ta ɗaura min ƙullin kuka da daddawa. Na yi mata sallama na rataya jakata. Har na sa ƙafa a bakin ƙofa sai ta kira ni.

"Ke 'yar nan. Kin sayo sabuwar?"

Na ce, "Tukuna dai, Gwaggo."

"To kada ki saya. Wannan ɗin idonta ƙalau."

Na juyo in dube ta, amma ta riga ta ba ni baya. Tana gyara wa hoton zama a bango da hannun hagu.